SAYAR DA KAYAN GIDA A INTANET: ABIN DA HOTO YA ƁOYE, BAKINKA YA FAƊA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammad (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, a 'yan watannin nan tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa a saƙonnin da kuke turo min, kuma ita ce dai ake tare ni da ita bayan karatunmu na tsakanin magariba da isha'i a nan Daurawa: “Malam, ya halatta in ɗauki hoton kayan gidana in sa a waya in sayar? Kuma me ya kamata in kiyaye?”

Dalilin tambayar ba ɓoyayye ba ne. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, rayuwa ta sauya wa magidanta. A watan Disamba na 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin kaya ta haura kashi 34 cikin 100. Talaka kuwa tun kafin a faɗa ya riga ya ji a jikinsa. Yanzu ka buɗe sitatus ɗin WhatsApp, ko ka leƙa Facebook Marketplace, ko Jiji, me za ka gani? Gado da katifa a Gyaɗi-Gyaɗi, kujeru a Tarauni, keken ɗinki a Darmanawa, janareta a Hotoro. Wani zai rubuta “mai kayan tafiya zai yi”, alhali tafiyar ba ta wuce ofishin makarantar yara ko wajen mai gidan haya ba.

To amsa a taƙaice ita ce: halal ne. Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 275. Babu abin kunya ga mutum ya sayar da abin da ya mallaka don ya rufa wa kansa asiri. Ya fi roƙo, ya fi bashin ruwa nesa ba kusa ba.

Abu Dawud da Ibn Majah sun rawaito daga Anas bn Malik (RA) cewa wani mutum daga cikin Ansar ya zo yana roƙon Annabi (SAW). Sai ya tambaye shi ko akwai wani abu a gidansa. Ya ce akwai wani mayafi da suke shimfiɗa wani sashe su rufa da wani sashe, da kuma ƙoƙon shan ruwa. Ya sa aka kawo su, ya ɗaga su a gaban sahabbai yana neman mai saye. Wani ya taya dirhami ɗaya, aka nemi ƙari, wani ya ba da biyu. Sai ya umarci mutumin ya sayi abinci da ɗaya ya kai wa iyalinsa, ya sayo gatari da ɗayan, ya tafi saran itace. Bayan kwana 15 ya dawo da dirhami 10. Amana ce in gaya muku cewa wasu malaman hadisi, ciki har da Albani, sun raunana isnadin wannan ƙissa. Amma ma'anarta tana da madogara a Bukhari, inda hadisin Zubair bn Awwam (RA) ya nuna cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri a kan roƙon mutane.

Saboda haka halacci ba shi ne matsalarmu ba. Matsalar tana wajen yadda muke sayarwa. Kuma kafin in yi wa kowa wa'azi, bari in fara da kaina.

A watan Satumba na 2024, da aka koma makaranta, kuɗin makarantar yara ya zo min a lokacin da hannuna babu komai. Muna da wata firiza a gida da muka daɗe ba ma amfani da ita sosai. Na ɗauki hotonta ta gaba da ta ciki, na sa a sitatus, na rubuta: “Firiza ta sayarwa, tana aiki lafiya lau.” Kuma wallahi a ranar tana aiki. Sai dai akwai abin da na sani ban rubuta ba. Sau biyu mai gyara yana zuwa a kanta, kuma a zuwansa na ƙarshe ya ce min: “Malam, wannan kwamfireso ɗin lallaɓa shi kawai muke yi, kwanansa ya kusa ƙarewa.”

Wata baiwar Allah daga Unguwa Uku, mijinta ya rasu ya bar mata yara, ta zo da ɗanta suka duba. Aka jona, ta yi sanyi, ta biya naira 140,000, kuɗin adashinta ne da ta ɗauka. Mai kurkura ya ɗauka suka tafi. Ni kuma washegari na biya kuɗin makaranta, na ji sakayau.

Bayan kwana 12 ta kira ni. Ta ce: “Malam, ba ƙorafi na kira in yi ba. Firizar ce ta tsaya, zoɓo da kunun ayar da na haɗa na sayarwa duk sun lalace. Mai gyara ya ce an taɓa buɗe ta. Na ce masa a'a, a wajen Malam na saya. Ni da na ga ku ne, ban ma tsaya kiran kowa ya duba min ba.”

'Yan uwa, na sha zama a gaban jama'a ina karanta babin ciniki, amma ban taɓa jin nauyinsa kamar wannan rana ba. Da na ajiye wayar, mai ɗakina ba ta ce komai ba sai: “Malam, ai ka ji abin da mai gyara ya faɗa.” Na ce na ji. Haƙƙin wannan mata ne ta dawo da kayan ta karɓi kuɗinta cif, kuma na gaya mata haka. Ita ta zaɓi a gyara mata saboda sana'arta, muka yi sulhu na saya mata wani kwamfireso, na biya ta kayan da suka lalace. Sai da na ci bashi kafin in iya. Bashin da na gudar wa tun farko, shi na komo na ci, ga kunya a kai.

Ban yi ƙarya da baki ba. Shiru na yi. Kuma wannan shirun shi ne darasinmu na yau.

A da, idan mace za ta sayar da kwalla ko tasa ko zanen da ta daina ɗaurawa, dillaliya take kira. Dillaliyar ta san gidan da kayan ya fito, ta san gidan da zai shiga, kuma gobe ma za ta dawo unguwar, don haka ba za ta yarda ta zubar da mutuncinta ba. Wanda ya je Ƙofar Wambai sayen gwanjo kuwa zai ɗaga rigar ya duba ta a rana, ya ja ɗinkin da hannunsa. A intanet babu dillaliya, babu taɓawa. Hoto ne kawai da maganarka, kuma kai ne ka zaɓi ɓangaren da za ka ɗauka. Ka ga ke nan kai ne idon mai saye. Shi ya sa nauyin bayani ya fi yawa a kan mai sayarwa a waya.

Ga abubuwan da ya wajaba mu kiyaye.

1. KA TABBATA KAYAN NAKA NE

Allah ya hana mu cin dukiyar juna da ɓarna, sai dai ta hanyar ciniki bisa yardar juna, a Suratun Nisa'i, aya ta 29. Kayan ɗakin da iyayen mace suka yi mata nata ne. Zamansu a gidanka bai mayar da su naka ba. Maigida ya ɗauki hoton kujerun matarsa ya sa a kasuwa ba da saninta ba, ko ya matsa mata da fushi da gori har ta ce “to a sayar”, wannan ba yarda ba ce. Ke ma uwargida, talabijin ko janaretan da maigida ya saya da kuɗinsa ba ki da ikon sayarwa don ya yi tafiya. Ko kayanki ne ma, ki yi shawara da shi, tunda tare kuke amfani da su.

Mafi haɗari shi ne kayan mamaci. Da zarar mutum ya rasu, komai nasa, har tabarmar da yake zama a kai, ya zama na magada bayan an biya bashi da wasiyya. Babban wa ba shi da ikon kwashe kayan ɗakin mahaifi ya sayar kafin rabo, balle idan akwai marayu ƙanana a ciki. Ku je ku karanta aya ta 10 a Suratun Nisa'i ku ga abin da aka tanadar wa mai cin dukiyar maraya.

Haka kuma mai ɗauko hoton kayan wani ya sa a shafinsa kamar nasa, ya karɓi kuɗi, sannan ya tafi neman kayan. Annabi (SAW) ya hana Hakim bn Hizam (RA) sayar da abin da ba ya wajensa. Idan dillanci kake yi, ka faɗa cewa kai dillali ne, mai kaya ya san da kai, a san la'adarka. Wannan halal ne.

2. KA FAƊI AIBIN DA KA SANI

Muslim ya rawaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki sai ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tuhume shi a kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, kuma ya barranta daga mai algus. Ku lura, mutumin nan bai ce abincinsa busasshe ne ba. Ya dai ɗora mai kyau a sama. To mene ne bambancinsa da wanda ya juya kujera ya ɗauki gefen da bai yage ba, ko ya rufe tabon katifa da zanen gado, ko ya ƙara wa hoto haske har tsohon fenti ya koma sabo?

Ibn Abi Zaid Alƙairawani, a littafin Risala da yawancinmu muka karanta a zaure, ya kawo ma'auni mai sauƙi. Duk abin da ka san idan ka faɗa mai saye zai ƙi kayan, ko zai rage kuɗi, to bai halatta ka ɓoye shi ba. Da na auna kaina da wannan ma'auni, da ban rubuta “lafiya lau” ba. Abin da ya kamata in rubuta shi ne: “Tana aiki, amma an gyara kwamfireso sau biyu, mai gyara ya ce zai buƙaci canji.” Da na samu kuɗi ƙasa da haka, amma da sun zauna.

Wasu suna fakewa da rubuta “yadda ka gan shi haka za ka ɗauka, ba a dawowa da kaya”. A mazhabarmu ta Malikiyya wannan sharaɗi ba ya wanke wanda ya san aibi ya ɓoye. Mai saye yana da haƙƙin dawo da kayan idan ya gano tsohon aibin da ba a gaya masa ba.

A aikace: ka ɗauki hoton wajen da ya lalace da kansa. Ka faɗi shekarun da kayan ya yi a hannunka. Idan an taɓa gyarawa ka faɗa. Idan waya ce, ka faɗi halin batirinta da ko an canja gilashi. Kuma ka bar rantsuwa, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa rantsuwa tana sa kaya ya shige amma tana shafe albarka.

3. A SAN ABIN DA AKA ƘULLA

Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye idan an siffanta shi sosai, kuma idan ya zo ba kamar yadda aka siffanta ba, mai saye yana da zaɓi. Risala ta ƙara da cewa ba a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a karɓa, sai idan kayan yana kusa ko kuma irin wanda ba ya saurin canjawa ne, kamar gida ko fili. Dubi hikimar da ke ciki: yau mutum nawa aka ce su tura kuɗi a aiko musu da kaya daga wani gari, daga nan aka kashe waya?

Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a watan Maris na 1990, ta tabbatar da cewa ciniki yana ƙulluwa ta hanyoyin sadarwa na zamani. Saboda haka idan ka ce “na sallama” a saƙo, shi kuma ya ce “na saya”, magana ta ƙare. Kada wani ya zo da ƙarin dubu biyar bayan awa ɗaya ka ce wa na farko “an riga an sayar”. Kai kuma mai ƙarin, an hana ka yin ciniki a kan cinikin ɗan uwanka.

Amma 'yan uwa mata ku kula. Wannan hukunci bai haɗa da musayar kuɗi da zinare ba. Sarƙa ko ɗan kunne ko awarwaron gwal, dole a yi hannu da hannu: a miƙa gwal, kuɗi ya shiga a zama ɗaya. Ba a aika gwal yau a biya jibi, ba a biya rabi a bar rabi.

Sai kafin alƙalami, wato kuɗin da mai saye yake bayarwa don a ajiye masa kaya. Idan da sharaɗin in ya fasa kuɗinsa ya tafi ne, Malikiyya sun hana, Hanabila sun halatta, ita ma waccan Majalisa a zamanta na Burunai a 1993 ta halatta idan an yanke wa'adin jira. Abin da ya fi kuɓutar da kai shi ne ka mayar masa da abinsa idan ya fasa. Ya zo a Abu Dawud cewa wanda ya karɓi uzurin Musulmi ya warware masa cinikin da ya yi nadama, Allah zai yafe masa tuntuɓensa.

4. KA TSARE KANKA DA IYALINKA

Tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Kada ka saki kaya don an nuna maka hoton rasit ko saƙon alat ya shigo. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin ya zauna. Ƙaramin kaya a haɗu a bainar jama'a da rana. Babban kaya irin gado ko firji, kada baƙo ya shigo gida sai maigida ko wani babban namiji yana nan, in da hali ma a fito da kayan soro. Kafin ka saki hoto ka duba bayansa, sau da yawa madubin sif yana nuna matar gida ko cikin ɗakinta ba a lura ba. Waya ko kwamfuta kuwa, ka kwashe hotunan iyali, ka cire asusunka, ka goge komai kafin ta bar hannunka.

5. KAI MA MAI SAYE AKWAI NAKA

Idan ka fahimci mutum asibiti zai kai kuɗin, kada ka mayar da matsuwarsa ganima. Kayan dubu 100 ka taya dubu 30 don ka ga idonsa ya yi ja, wannan ba wayo ba ne. Bukhari ya rawaito daga Jabir (RA) addu'ar rahama da Annabi (SAW) ya yi wa mutumin da yake da sauƙin hali idan zai sayar, idan zai saya, da idan zai karɓi bashinsa.

Sannan ka guji kayan sata. Duk mun san bala'in ƙwacen waya a Kano da rayukan da ya ci. Ɓarawo ba zai yi ƙwace ba in ya san babu mai saye. Waya mai tsada a farashin banza, babu kwali, babu rasit, mai ita yana sauri, ka bar ta. Idan akwai kwali, danna *#06# ka gwada lambar da ta fito da wadda ke jikinsa. In ba ka san kan waya ba, ga kasuwar Farm Centre nan kusa da mu, ka tafi da mai sayarwar wajen wanda ka yarda da shi ya duba. Dokar ƙasa tana hukunta mai karɓar kayan sata, kuma a shari'a mai abu yana da ikon karɓar abinsa duk inda ya gan shi.

6. INA KUƊIN ZA SU?

A ƙissar mutumin Ansar, dirhami ɗaya aka ci, ɗaya aka mayar jari. Ka fara da abin da ba ka amfani da shi, kada ka fara da abin da yake kawo maka abinci. Mace ta sayar da keken ɗinkinta don ankon biki, ko matashi ya sayar da injin markaɗen gidansu don ya canja waya, wannan asara ce. Mai sayar da caca ko cacar ƙwallo a ransa kuwa, ya haɗa wa kansa zunubi da tsiya. Kuma wani kayan, kamar tufafin da yara suka girme wa, abin da za ka samu a kansa bai kai ladan ka miƙa wa maƙwabcin da ka san yana buƙata ba.

Ya ku bayin Allah, ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Hakim bn Hizam (RA) cewa mai saye da mai sayarwa idan suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa musu albarka a cinikinsu, idan kuma suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe albarkar. Abu biyu aka ambata, gaskiya da bayyanawa. Ni na tsaya a kan na farko na bar na biyu, kuma na ga yadda naira 140,000 ta bi iska.

Saboda haka kafin ka saki hoton nan, ka sake karanta abin da ka rubuta, ka tambayi kanka: da mahaifiyata ce za ta saya, me zan ƙara gaya mata? To shi za ka rubuta.

Allah ya yaye mana ƙuncin da muke ciki, ya wadata mu da halal ɗinsa, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wanda ya san ya taɓa sayar wa wani kaya ya ɓoye masa aibi, lambarsa tana nan a wayarka, ka kira shi tun kuna da rai.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.